Malafar da Na Ɗauka Ban Tambaya Ba

Na san abin da ake gaya muku game da barina Salaga, don bangon gidan nan ba shi da kauri, kunnena kuma bai mutu kamar yadda kuke zato ba. Wasu sun ce boko ne ya hau mini kai har na raina ubana. Wasu sun ce korata aka yi da rana tsaka. Ke kuma Rabi, na ji ki kina gaya wa ƙawarki wai wata mace na biyo har Bawku. Ina ma haka ne, da aƙalla na sami abokin hira a hanya. Ba wanda ya kore ni, ni na kori kaina, kuma dalilin yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofata, wato tsohuwar malafar nan da kuka sha roƙona in ba ku ku kife 'yan tsaki da ita. Zan rubuta muku yadda aka yi, don kada ranar da na mutu ku haɗa ta da tsummokarana ku kai juji.

Ubana, kakanku Garba, madugu ne a ƙuruciyarsa. Ya ja ayarin goro daga Salaga, ta Bimbila da Yendi, ya haye kogin Oti, har ƙasar Hausa, tun ana tafiya da jakuna da masu ɗaukar kaya a ka. Lokacin da na yi wayo goro ya riga ya canja hanya, Salaga ta koma garin rijiyoyi da kufai da tsofaffi masu ba da labarin da. Shi ya koma cinikin doya da shanu, amma sunan Madugu bai bar shi ba. Dogo ne, mara son magana, in ya zauna a zaure da carbinsa ko akuya sai ta rage gudu kafin ta ratsa. Ni ne ɗansa na fari, gidanmu kuma na tsofaffin Hausawa ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Bai taɓa dubana ya yi mini magana ba. In yana son in ji wani abu, ko da ina durƙushe a gabansa, sai ya juya wajen ƙanwarsa, Gwaggo Azumi, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, ya ce:

“A gaya wa wancan ya leƙa turken shanu.”

Ni ma in ina da buƙata, Gwaggo nake gaya wa, ita ta kai. Ku da kuke hawa cinyar iyayenku kuna ja musu gemu ba za ku gane wannan ba. Ba ƙiyayya ba ce, amma zuciyar yaro ba ta iya bambance kunya da ƙiyayya, ni kuwa na girma da zaton mutumin nan dutse ne. Sunana Haruna sunan autansu ne, wanda aka ce ya rasu a hanya kafin a haife ni. Iyakar abin da na sani a kansa ke nan. Shi ya sa Gwaggo ba ta kirana sai da “ƙanena”, kuma duk naman da ya fi tsoka a miya a kwanona yake faɗawa.

Da na gama makarantar gwamnati aka tura ni Yendi in koyi aikin koyarwa a hannun wani Malam Yakubu, Bazazzagi mai ɗan gemu da tari. Dukiyarsa duka adaka ɗaya ce ta ƙarfe, cike da littattafai. Akwai na labaran Hausa da aka fara bugawa a ƙasarsu a shekarun nan, akwai na Turawa, dogayen labarai da wasannin kwaikwayo na mutanen da, waɗanda gara ta cinye wa bango. Bayan la'asar mukan zauna a gindin mangwaro, in karanta, shi yana tauna asuwaki. Ranar da na fara ganin Hausa a buge, mutane suna faɗa da tsegumi a kan takarda kamar a kasuwar Yendi, sai da na shafa shafin da hannu. In na gama littafi sai ya tambaye ni:

“To, wane ne mugun a ciki?”

In faɗa masa da sauri, don wannan ai ko makaho ya gani.

“Madalla. Me yake tsoro?”

In ce ban lura ba.

“Koma ka sake karantawa. In ba ka san abin da mugu yake tsoro ba, bangon littafin kawai ka karanta.”

Ya sha faɗa mini wannan, amma ta kunnen hagu take fita. Abin da ni na tsinta a adakar nan daban ne. Na ga cewa a cikin littafi talaka yana iya tsayawa a gaban sarki ya faɗa masa gaskiya, attajiri yana jin kunya, alƙali mai son zuciya yana faɗawa rami, jama'a suna dariya. Na ce ashe abin da ake yi da littafi ke nan, a tuɓe wa manya rawani ba tare da an taɓa su ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma a gidanmu akwai wani babba da ban taɓa iya ce masa uffan ba.

Aka mayar da ni Salaga ina koyarwa, a shekarar da aka fara ɗibar samari zuwa yaƙin Turawa. Na dawo da littattafai uku da Malam ya ara mini, na riƙa karanta wa matan gida da hantsi ranar da ba makaranta, suna sussukar dawa. Ba ku ga rigima ba. Sun ɗauki mutanen cikin littafi kamar maƙwabta. Inna, mahaifiyata, ta yi kwana biyu tana fushi da wani ɗan kasuwa da bai taɓa rayuwa ba, wata kuma ta rantse ta san matar da ake nufi, wai a Kpembe, garin da ke kusa da mu, take aure. Gwaggo ce kaɗai ba ta dariya. Wata rana da aka watse, tana kaɗi, ta ce:

“Ƙanena, waɗannan labaran naka duk na ƙarya ne, shi ya sa suke ƙarewa da daɗi. In ba ka na gaske?”

Ta ba ni labarin wani madugu, ba ta faɗi sunansa ba, ba ta faɗi garinsu ba. Ta ce ayarinsa ya kusa wani babban kogi sai agana ta kama wani saurayi a cikinsu. Madugun ya sa aka kwantar da shi a gindin tsamiya, aka ajiye masa goran ruwa da ɗan guzuri, aka kaɗa jakuna aka wuce, don kada goro ya bushe. Ta ce saurayin yana kallonsu har suka ɓace. Nan ta tsaya, ta ci gaba da murza mazarinta. Na ce daga nan fa? Ta ce daga nan babu, goro ya isa Kano da ɗanyensa.

Labarin ya shige ni. A lokacin kuwa shugaban makarantarmu yana neman abin da za a nuna ranar rufe makaranta, don Baturen da ke mulkin Salaga zai zo, da sarakuna, da manyan zango. Na ce ni zan shirya wasan kwaikwayo irin na littattafan Malam Yakubu, amma da Hausa, da mutanenmu. Cikin mako biyu na rubuta. Na yi madugun mai ƙaton ciki, mai ƙirga goro yana lashe baki, wanda in an ce masa mutum yana mutuwa sai ya tambaya ko jaki ne. Na aika wa Malam Yakubu kwafi ta hannun direban lori, ina jiran yabo. Amsarsa layi biyu ce: hannunka ya yi kyau, amma madugunka ba shi da uwa, ba shi da tsoro, ba ya barci, wannan dodo ne ba mutum ba. Na ninke takardar na ce tsufa ne da hassada.

Isifu tela, abokina, shi na ba madugu don yana da murya da tumbi. Muka sami riga, muka sami sanda, saura malafa. Irin ta fatake nake so, mai faɗi, mai fata a baki, ba irin ta manoma ba. Na san akwai ɗaya a gidanmu, a ɗakin da Baba yake ajiye tsofaffin kayan tafiya, rataye ita kaɗai a sama, nesa da igiyoyi da mangaloli. Tana da jar fata a tsakar ka, da wani baƙin faci a gefe inda wuta ta taɓa lasa. Ga inda na yi kuskuren da ɗan wani gida ba zai yi ba. Ɗan kowa zai ce, Baba, ara mini malafar nan, uban ya ce a'a, magana ta ƙare. Ni ba ni da bakin tambayarsa. Hanya ɗaya ita ce Gwaggo, ita kuwa na ɓoye mata wasan, don ina so in ba ta mamaki ta ga labarinta yana tafiya da ƙafa. Saboda haka na jira ya tafi masallaci sallar azahar, na shiga, na sauke ta, na kakkaɓe ƙura, na fita da ita a ƙarƙashin riga.

Ranar wasan filin makaranta ya cika tun kafin la'asar. Bature a kujera, sarakuna a ƙarƙashin laima, manyan zango a jere a tabarmi, sun tuɓe takalmansu a gefe. Baba yana cikinsu, a sahun gaba. Ban zaci zai zo ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, da na hango shi daɗi ya kama ni, na ce yau dai zai ga abin da wancan ya iya. Aka fara. Yara suka shigo da kwanduna a ka, biyu sun zama jaki, jama'a na ta dariya. Sai Isifu ya fito yana taƙama, malafa a kansa. Dariyar matasa ta ƙaru, amma daga wajen tabarmin tsofaffi na ji ta yanke kamar an rufe tukunya. Ina bayan zana ina ba da magana, na ɗauka nutsuwa ce ta masu jin daɗi. Mai agana ya faɗi, aka ja shi gindin bishiya, ya miƙa hannu yana roƙo. Isifu ya dube shi, ya faɗi maganar da na fi alfahari da ita a duk wasan:

“Mutum ana haifar wani, goro kuwa in ya bushe ya bushe. A kaɗa jakuna!”

Ya juya masa baya. A daidai nan Baba ya miƙe. Bai dubi kowa ba. Ya ratsa ta tsakiyar fili, ta gaban Bature, ta gaban yaron da ke kwance, ya fita ta ƙofar makaranta, ƙafarsa ba takalmi. Wani tsoho Bagwanje da ake kira Baba Mahama, wanda ya yi masa ɗaukar kaya a zamanin ayari, shi ya tsinci takalman ya bi shi da su. Tsofaffin zango suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Aka ƙarasa wasan a gaban yara da Bature, wanda ya tafa sosai, ya ce a gaya mini na yi ƙoƙari.

Da na isa gida, Gwaggo na tarar a bakin ɗakinta, labari ya riga ni. Ba ta ce mini ƙanena ba.

“Haruna, malafar wa ka ɗora wa tela?”

Na ce ta Baba ce, tsohuwa, ba ya ma sawa.

“Ba tasa ba ce. Ta mai sunanka ce. Da ita a kansa aka kwantar da shi a gindin tsamiyar. Yadda ta dawo gidan nan, ban taɓa tambaya ba.”

Na ce ai ba ki gaya mini ba.

“Na ba ka a cikin gida, ka kai kasuwa. Kuma rabi na ba ka, rabin da ke cina. Tsakanina da yayana ne, shekara talatin ina riƙe da abina, ban taɓa faɗa masa a fuska ba. Kai ka tara masa gari.”

Ta yi kuka, sannan ta share ido ta gaya mini abin da zan yi. In ɗauki malafar da hannuna, in shiga zaure da safe lokacin da tsofaffi suke zuwa gaisuwa, in durƙusa in ajiye ta a gabansa. Ba sai na yi magana ba, shi ma ba zai yi ba, amma kowa zai gani, shi ke nan an wanke. Liman ma ya aiko da irin wannan saƙon. Abu ne mai sauƙi, tafiyar taku ashirin daga ɗakina.

Ban je ba. Wannan ita ce maganar da nake so ku riƙe, don ita ce laifina, ba wasan ba. Wasan na yi shi cikin rashin sani, ƙin zuwan kuwa da sanina na yi. Na zauna a ɗaki ina gaya wa kaina cewa ban ambaci sunan kowa ba, cewa in gaskiya ta yi wa mutum zafi ba laifin mai faɗa ba ne, cewa ai haka mutanen cikin littafi suke yi, ba sa durƙusawa. Can ƙasan zuciyata kuma akwai wani abu mai muni da sai yanzu nake iya rubuta shi: na ji daɗi da na gano dutsen nan yana da tabo. Sannan ina jin tsoro. Ban san yadda zan haɗa ido da mutumin da ya bar ƙanensa ga kuraye ba, ban kuma san yadda zan haɗa ido da mutumin da na fitar ba takalmi ba. Kwana uku ina fita ta ƙofar baya. A rana ta huɗu na ba Isifu malafar ya kai wa Gwaggo, na je wajen shugaban makaranta na ce na ji ana neman malami a Bawku, wurin da ba mai son zuwa. Ranar da lori ya tashi, na bi ta gaban zaurenmu ban shiga ba. Na hango gefen rigarsa daga waje.

Bawku gari ne mai jama'a, amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar a can ba. Na kama ɗaki a zango, a gidan wani mai fataucin shanu, taga ɗaya, tana duban bangon maƙwabci. Da safe in koyar da 'ya'yan ƙabilun Kusasi da Mosi waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce, da rana in sayi tuwo a ganye in ci ina kallon bango. Ranar kasuwa gari ya cika da albasa da shanu da jakunan da ake kawowa daga ƙasar Faransi, in shiga cikin taron in yi ta yawo ba abin da zan saya, don dai kafaɗata ta gogi ta mutane. In na ji wani yana Hausa irin ta Salaga sai in bi bayansa kaɗan, sannan in tuna zai iya sanina, in sake hanya. Sallah takan zo, kowa ya nufi gidan ubansa, ni in wanke rigata in koma ɗaki. Inna takan aiko da daddawa da gaisuwa ta hannun direbobi. Gwaggo ba ta aiko da komai. Shi kuwa, me zan jira daga mutumin da ko muna gida ɗaya ba ya mini magana? Shirunsa na da da na yanzu kamarsu ɗaya, ba ni da hanyar sanin ko fushi ne ko kunya.

Littattafan nan uku na Malam Yakubu suna tare da ni, ban mayar ba, Allah ya jiƙansa ya yafe mini. Da ba ni da abokin magana, sai na koma musu, na karanta har na haddace inda kowane shafi ya yage. A nan ne na fara ganin abin da yake nuna mini a gindin mangwaro. Kowane mugu a cikinsu, marubucin yakan ba shi wani shafi shi kaɗai, inda ba mai kallonsa, ya zauna ya yi magana da zuciyarsa. A wannan shafin sai ka ga ashe yana da wanda yake so, yana da abin da ke hana shi sukuni, har ka ji kunyar dariyar da ka yi masa a baya. Na gane ba don a tuɓe wa mutum rawani ake rubuta waɗannan abubuwa ba, don a zaunar da kai ne a cikin rigarsa na ɗan lokaci, ka ji nauyinta. Na ɗauko wasana na duba. Madugun nawa ya yi magana sau goma sha ɗaya, duk a gaban mutane, duk a kan goro. Ban bar shi shi kaɗai ko sau ɗaya ba. Na rubuta wa Baba wasiƙa da ajami ya fi sau biyar, amma ɗan fari ba ya rubuta wa ubansa, sai ta hannun wani, hannun kuwa na riga na ƙona shi. Kowace shekara ina cewa in an yi hutu zan je. Haka shekara shida ta wuce.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina cikin aji aka ce ina da baƙo. Na fito na ga tsoho zaune a gindin darbejiya, ya yi baƙi da ƙurar lori, da ƙunshi a cinyarsa. Baba Mahama ne. Tun kafin ya buɗe baki na sani, don ba abin da zai ɗauko tsoho irinsa daga Salaga sai abu ɗaya.

“Tica, sai haƙuri. Madugu ya tafi. Yau kwana goma sha biyu.”

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Bayan mun yi addu'a ya kwance ƙunshin, ga malafar. Ya ɗora ta a gwiwarsa, ya yi mini magana da Hausarsa ta zango, wadda ba ta bambance mace da namiji.

“Wasa naka, ni na gani. Gwaggo naka ya ba ka labari, amma shi ba ya wurin. Ni ina wurin. Ba goro ba ne. Masu jirgi a Oti, in sun ji agana cikin ayari, ba su ɗauka kowa. Ƙauye duka sun rufe hanya, ba su sayar mana abinci. Ruwa yana tashi. Mace da yara suna cikin ayari, guzuri ya ƙare. Haruna da kansa ya ce, Yaya, ka wuce da mutane, in ka tsaya duka za mu mutu nan. Madugu ya ƙi, kwana biyu. Rana na uku ya kai mutane bakin ruwa, ya haye da su, ya ba jagaba sanda. Shi bai tafi Kano ba. Ya juyo. Ni da shi, mu biyu, da ƙafa, ba mu tsaya ba sai gindin tsamiya.”

Ya shafa facin nan na gefe.

“Wannan kawai muka samu. Da goran ruwa, bai sha rabi ba. Mun nema kwana uku cikin daji. Madugu ya hana ni faɗi. Ya ce ya koma ko bai koma ba, ya dai bar shi.”

Na tambaye shi ko Baba ya yi fushi da ni har ƙarshe. Ya girgiza kai, ya ce bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne bayan wasan Madugu ya yi kwana uku a zaure tun daga asuba har azahar, ya hana a rufe ƙofa, ko kasuwar shanu bai je ba. Kwana ukun da nake fita ta ƙofar baya ke nan. Ya ce da ciwo ya yi tsanani, Madugu ya kira Gwaggo, ya sa aka sauko da malafar, ya ba da saƙo ta bakinta kamar yadda ya saba, ita kuma ta ce ƙafarta ba za ta kai Bawku ba, shi ya kawo. Tsohon ya gyara zama, ya faɗi saƙon da irin Hausar Baba, kalma kalma, da alama ya yi ta maimaita shi a lori don kada ya zube:

“A kai wa wancan, tasa ce, sunansa ne a kanta. A gaya masa wasan ya yi kyau. In zai sake yi, ya sa madugun ya koma.”

Maganar da ubana ya yi mini mafi tsawo a duniya ke nan, ita ma ta hannun mutum biyu ta iso. Na rufe fuskata da malafar na yi kuka a gaban 'yan ajina, suna leƙe ta taga.

Na je Salaga bayan arba'in. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, Baba Mahama ya riga ya ba ta sauran labarin, ta ce da ni shekara talatin da shida tana cin tuwo ɗaya da mutum ba ta tambaye shi ba, ni kuma na gaji halinta. Ta sake kirana ƙanena kafin in tafi. Amma zauren ban iya zama a cikinsa ba, na dawo Bawku, a nan na auri uwarku, a nan aka haife ku. Na rubuta shafin da ya ce, inda madugu ya haye da mutane ya juyo, yana tafe shi da mai ɗaukar kayansa ba mai ce wa wani komai. Yana nan cikin adakata, a ƙarƙashin littattafan Malam Yakubu. An sha roƙona in shirya wasa ranar rufe makaranta, ban sake yi ba, don wanda nake so ya gani ba zai zauna a sahun gaba ba.

Kai Garba, kai ne na fari, ka sha jin mutane suna mamakin yadda nake kiran sunanka gatsau a gaban kowa, har uwarka tana cewa ba ni da kunya, sunan ubana ne kuma ɗan fari. Yanzu ka san dalili. In na mutu malafar taka ce. Kada ka ɗora wa kowa ita a ka, kuma duk wanda ya tambaye ka ta wace ce, ka ba shi labarin har inda madugun ya koma.